Rigar da Na Wanke wa Auta

Shekara ashirin da bakwai ina aiki a gidan wanki da guga, kuma ba a taɓa dawo mini da kaya an ce tabo bai fita ba. Na san an ce yabon kai jahilci. Ina faɗa ne kawai don a san irin hannun da ya ɓata shari'ar Auta.

Gidan wankinmu babba ne, otal-otal da asibitoci muke yi wa aiki. Da safe mota ta sauke buhunan zannuwan gado da tawul da labule, da yamma ta kwashe su a goge, a ninke. Injina shida ne a jere, ƙararsu ba ta barin ki ji ta kusa da ke sai ta ɗaga murya, shi ya sa duk wadda ta daɗe a cikinmu ko a gidanta magana take kamar mai faɗa. Mu mata goma sha tara ne, rigar aikinmu iri ɗaya, shuɗiya mai aljihu biyu. Ba mai tata. Da safe ki zari wadda ta yi miki daidai a kan maratayi, in an tashi ki jefa ta a kwando. Ni ce babba, 'yan matan suna ce mini Iya. Tabon da ya gagari inji wajena yake zuwa, haka ma duk abin da ya yage.

Auta ba autar gidansu ba ce, ita ce ƙaramar cikinmu, shi ya sa sunan ya bi ta. Shekararta ashirin da biyu a lokacin. Ninkin zanen gado ne aikinta, kuma hannunta yana da sauri, sai dai bakinta ya fi hannun. In ta ɗauko labari, inji zai gama zagayensa ya tsaya ita ba ta kai tsakiya ba. Nakan ce mata da surutu ake wanki, da ita kaɗai za a bari a sallame mu. Sai ta ce, "Iya, ai kishi kike yi, don naki labarin duk na ciwon gwiwa ne."

Sai kuma mai sito. Shi ke riƙe da makullin ɗakin da ake ajiye sabulu da sitaci, can ƙarshen lungu, bayan injinan busarwa. Magidanci ne mai fara'a, ba ya wuce kowa bai gaishe shi ba, har 'ya'yanki zai tambaya ɗaya bayan ɗaya. Ni dai jinina bai taɓa haɗuwa da nasa ba. Sabulu yake auna mana kamar magani, in aiki bai yi haske ba kuma ni manaja yake kira. Wata rana raina ya ɓaci, a gaban kowa na nuna shi da yatsa na ce, "Sai na ga bayanka a gidan nan." Na faɗa na manta, amma akwai waɗanda ba su manta ba.

Ranar Laraba ce, bayan an sauke wanki na uku. Mu da haka muke sanin lokaci, don ba mai ɗaura agogo a hannun da ke wuni cikin ruwa. Sitaci ya ƙare mini, na ce wa Auta ta je sito ta karɓo. Ni na aike ta. Wannan ma ina ɗauke da shi, kuma ba kotun da ta tambaye ni.

Ta daɗe ba ta dawo ba. Na tashi a fusace, ina shirya faɗan da zan yi mata. Na leƙa lungun, na ga ƙofar sito a rufe, na ce a raina mutumin ya tafi cin abinci, ita kuma ta sami abokiyar hira. Ban ƙwanƙwasa ba. Na koma na ƙara goge labule biyu, sannan na nufi banɗakin mata.

A can na same ta, zaune a ƙasa bayan ƙofa, ta riƙe kafaɗar rigarta da hannu biyu. Rigar ta yage daga wuya har kan hannun hagu, maɓalli biyu sun fita. Akwai jini a bayan rigar, da wani abin kuma wanda matar da ta shekara ashirin da bakwai tana wanke zannuwan otal ba sai an gaya mata ba. Ba kuka take ba. Haƙoranta ne ke haɗuwa kamar mai zazzaɓi.

"Iya," ta ce, "mai sito ne."

Na durƙusa, ta kama ƙafata. "Ki cire mini shi. Don Allah, Iya, ki cire mini. Kada kowa ya gani."

To me kuke so in yi? Na sha yi wa kaina wannan tambayar, kuma na san amsar da masu ilimi za su bayar. Amma ni a ranar kaina bai yi aiki ba, hannuna ne ya yi. Na kulle ƙofa, na tuɓe mata rigar, na tsoma ta a ruwan sanyi, don ruwan zafi kama jini yake ya zauna. Na cuɗa da gishiri, na bi da sabulu, na ɗauraye sau uku har ruwan ya fito fes. Na ɗebo mata ruwan ɗumi a bokiti, na taya ta wanka kamar jaririya, tana ta cewa in ƙara sabulu ina ƙarawa. Na ɗauko mata wata rigar a maratayi.

Da rigar ta bushe na zauna da allura. Ban ɗauko zare daga gwangwani ba, don sabon zare ya fi tsohon yadi haske, ido zai kama shi. Daga cikin kalmasar rigar na zaro zare, na haɗa bakin yagewar sili da sili, ta ciki. Na sa maɓallai, na goge ta da tururi, na mayar da ita kan maratayi. Ban taɓa yin ɗinkin da ya kai wannan kyau ba. A tunanina in rigar ta koma yadda take, wani abu ma zai koma.

Na je wajen manaja na ce Auta ta zame a ɗakin wanki ta bugu, zan kai ta gida. Ya ce Allah ya sawwaƙe, a riƙa tsane ƙasa. Na tare tasi na kai ta, na maimaita wa mahaifiyarta wannan maganar a bakin ƙofa, har ta yi mini godiya ta ce in shigo in sha ruwa.

Kwana huɗu Auta tana kwance, ba ci ba magana. A na huɗun ta gaya wa uwarta. Uwar mace ce mai zuciya, ba ta tsaya shawara da kowa ba, ta ja hannunta sai ofishin 'yan sanda. Aka kai ta asibiti, likita ya duba ya rubuta abin da ya rubuta, wato bayan kwana huɗu da wanka ba iyaka, ba abin da zai iya rantsuwa a kai. Sai aka aiko a kira ni, aka ce in taho da rigar.

Na je maratayi na lalubo ta da yatsa cikin 'yan uwanta, na ninke ta tsaf a leda. Wata 'yar sanda ce ta karɓa. Ta warware ta a kan tebur, ta juya gaba, ta juya baya, har ta kai ta hanci. Sannan ta ɗago ta dube ni.

"Mama, wa ya wanke wannan?"

"Ni," na ce.

"Kin san abin da kika yi kuwa?"

Wallahi ban sani ba. Sai da ta zaunar da ni ta yi mini bayani, cewa akwai masu gwajin da da an kai musu rigar nan yadda take, da sun faɗi mai abin ba tare da an tambayi kowa ba. Shaidar da ba ta mantuwa, ba ta tsoron lauya, ita na zubar a magudanar banɗaki da hannuna. Garin neman gira na rasa ido. Na fito daga ofishin nan ina ganin titi bibbiyu.

Wata takwas aka ɗauka kafin a fara sauraron shari'ar. An dakatar da mai sito daga aiki, an ba da belinsa. Auta ba ta koma ba, ta rame, surutun nan duk ya tafi. In na je gaishe su takan zauna kusa da ni tana ninke duk ƙyallen da hannunta ya kai, ta warware, ta sake ninkewa. A wurin aiki kuwa mata sun rabu biyu. Wasu na cewa ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, wasu na cewa mutum mai iyali, mai gaisuwa haka, anya? Waɗanda suka fi zaƙewa da cewa sun san halinsa, da aka ce su zo su faɗa a gaban alƙali, kowacce ta tuna tana da yara ƙanana. Shaidu suka rage mu biyu, Auta da ni.

Kotun tana hawa na biyu. Doguwar baranda ce da benci biyu, fentin bango ya koɗe daidai inda kawunan masu jira ke jingina. An ce mai ba da shaida ba ya shiga sai an kira shi, don haka ina waje lokacin da Auta ke ciki. Mahaifiyarta ma ta kasa zama a ciki, ta fito ta zauna kusa da ni. Can ta matso.

"Yaya, kin ce kin leƙa lungun nan."

"Na leƙa."

"To ki ce kin gan shi ya fito. Ki ce kin ga ya fito yana gyara wando. Ai kin san shi ne."

"Na san shi ne, amma ban gan shi ba."

"Wa zai ce ba ki gani ba? Ke da Allah ne kawai a lungun." Ta kama hannuna. "Kin yi ƙarya don ki rufa mata asiri, har ni kika yi wa. To ki yi guda ɗaya don ki cece ta. Ban taɓa roƙonki komai ba."

Gaskiya ita ce maganar ta shige ni. Na zauna ina gwada ta a baki a hankali: na gan shi ya fito. Kalma biyar ce, kuma ba ta da nauyi ko kaɗan.

Bayan kusan awa biyu aka buɗe ƙofa. Auta ta fito kamar tsumman da aka matse, ba ta dubi kowa ba. Magatakarda ya kira ni.

Ɗakin bai kai girman da nake zato ba. Fanka biyu, ɗaya ba ta aiki. Alƙali dattijo ne mai furfura, yana rubutu da hannu, ba ya ɗagowa sai ya gama layi. Mai sito yana tsaye cikin akwatin wanda ake tuhuma da farar riga, kuma ko daga nesa na ga an ƙona masa bakin wuyan da dutsen guga. Aka rantsar da ni. Lauyar gwamnati, wata matashiya da takardu suka yi wa yawa, ta bi da ni a hankali, na faɗi komai yadda ya faru. Har na fara jin abin ba wuya.

Sai lauyan mai sito ya miƙe. Na zaci mai hargagi ne, na shirya masa, don in dai ɗaga murya ne ba a fi mu ba. Ashe mai sanyi ne. Ya gaishe ni, ya tambayi gwiwata, ya roƙi alƙali a ba ni kujera. Mama yake ce mini, kuma ban taɓa tsanar kalmar nan kamar ranar ba.

"Mama, ƙarfe nawa kika aiki yarinyar?"

"Bayan an sauke wanki na uku."

"Ƙarfe nawa kenan?"

"Ya danganta da yawan kaya. Wata rana ɗaya da rabi, wata rana har uku."

"Wato ba ki sani ba."

"Na sani mana, bayan wanki na uku."

Wani ya yi dariya a baya. Lauyan bai yi ba, ya dai jira alƙali ya gama rubutu.

"A ranar, me kika gaya wa manaja ya sami yarinyar?"

"Na ce ta zame ta faɗi."

"Gaskiya ne?"

"A'a."

"Mahaifiyarta fa, me kika gaya mata?"

"Haka na ce mata."

"Ita ma ƙarya kenan."

"Rufin asiri ne."

"Na fahimta, Mama, kuma ban zarge ki ba. Wato in kika ga ƙarya za ta amfani yarinyar nan, kina iya yin ta, har ki dubi idon uwarta ki yi. Haka ne?"

Ta ina zan ce a'a?

Ya juya takarda. "Kin taɓa ce wa wannan bawan Allah, a gaban ma'aikata, sai kin ga bayansa a gidan wankin?"

"Kan sabulu ne."

"Kin faɗa ko ba ki faɗa ba?"

"Na faɗa. Faɗan aiki ne, kowa yana yi."

"Na gode."

Daga nan ya sa magatakarda ya miƙo mini leda. Rigar ce. Ya ce na shaida wa kotu cewa ta yage daga wuya zuwa hannu, to shi ya duba, abokan aikinsa sun duba, ba su ga komai ba. Ko zan taimaka in nuna wa mai shari'a?

Na ɗaga ta a hasken taga. Ni kaina ban ga komai ba. Sai na daina dubawa, na juya rigar ciki waje, na rufe ido na bi kafaɗar hagu da ɗan yatsa. Ga shi nan, siriri kamar gashi. Na ce a kai wa alƙali ya taɓa. Ya cire tabarau, ya shafa, ya sake shafawa, ya ce lallai akwai ɗinki a nan, kuma bai taɓa ganin irinsa ba. Kotu ta ɗan yi guna-guni. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, sai na ji daɗi. A tsakiyar shari'ar Auta, na ji daɗin an yaba ɗinkina. Har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni.

Lauyan ya gyaɗa kai kamar shi ma ya ji daɗin. Ya sunkuya ya ɗauko wata leda, ya zaro riguna biyu shuɗɗa, irin namu. Ya ce daga maratayinmu aka karɓo su da izinin kotu. Ya roƙe ni in shafa kafaɗunsu.

Ba sai na shafa ba, amma na shafa. Ɗinkina ne a duka biyun.

"Me ke yaga kafaɗar rigunanku, Mama?"

"Ƙugiyar keken da muke tura kaya. In mutum ya sunkuya ba a lura ba, takan kama."

"Sau nawa kike irin wannan gyaran a shekara?"

"Ban ƙirga ba."

"Ya kai goma?"

"Ya fi."

"To a cikin rigunan nan uku, in na cakuɗa su, me zai nuna wa kotu wadda yarinyar ta sa ranar Laraba? Me zai nuna hannun mutum ne ya yaga ta, ba ƙugiya ba?"

"Ni na sani."

"Ke kin sani. Mu fa?"

Fankar nan guda tana ta juyawa, alƙali yana ta rubutu.

"Tambaya ta ƙarshe, Mama, sai ki huta. Kin ce kin leƙa lungun sito. Kin ga wanda nake karewa a wurin? Kin ga ya shiga da ita, ko ya fito?"

Na dubi benci. Mahaifiyar Auta ta dawo ciki, ta zuba mini ido, leɓɓanta suna motsi. Auta tana gefenta, kanta a sunkuye. Kalmomin nan biyar suna kan harshena, a shirye. Kuma na san da na faɗe su, mutumin nan mai sanyin murya zai tambaye ni me ya sa ban gaya wa 'yan sanda ba wata takwas da suka wuce, ya yage ni kamar tsohon zane. Amma ba zan ce wannan lissafin ne ya hana ni ba, kuma ba zan ce tsoron Allah ne kaɗai ba, don ban sani ba. Abin da na sani shi ne duk abin da na taɓa gyarawa a maganar nan ɓaci ya yi.

"Ban gan shi ba," na ce. "Ƙofa na gani a rufe."

"Kin ji ihu?"

"A gidan wanki ko kusa da kai aka yi ihu ba ka ji."

"Kin ji ko ba ki ji ba?"

"Ban ji ba."

Ya ce ya gode, Allah ya ƙara lafiya, ya zauna.

Mai sito ya yi nasa bayanin a wani zaman. Ya ce yarinya ta zo, ya auna mata sitaci, ta tafi, shi kuma ya kulle ya fita. Ya ce tsohuwar nan ta yi alkawarin ganin bayansa, ga shi tana cikawa. Ya yi kuka har aka ba shi ruwa.

Bayan mako uku aka yanke hukunci. Alƙali ya karanta takarda mai tsawo, yawancinta ban gane ba, amma inda ya zo kaina na gane sarai. Ya ce shaida ta biyu ta amsa da bakinta cewa ta yi ƙarya sau biyu a kan wannan al'amari, tana da tsohuwar gaba da wanda ake tuhuma, ba ta iya faɗin lokaci ba, ba ta ga komai da idonta ba, kuma ita ce ta kawar da abin da zai iya raba gardama. Sannan ya ajiye takardar ya cire tabarau.

"Ban ce yarinyar nan ƙarya take ba," ya ce. "Ina so a ji wannan da kyau. Amma doka ba ta tambaye ni inda zuciyata ta karkata ba. Ta ce kafin in ɗaure mutum shekaru, sai hujja ta kai inda mai hankali ba zai yi kokwanto ba. A nan akwai kokwanto, kuma mai dalili ne. In akwai shi, wanda ake tuhuma ke cin moriyarsa."

Ya sallame shi. 'Yan uwansa suka rungume shi, matarsa ta durƙusa a ƙasa tana kuka tana godiya ga Allah.

Na so in tsani alƙalin nan, na yi ƙoƙari, abin bai yiwu ba. Ina da ɗa namiji. Da wata ce ta zarge shi, aka kawo shaida irina, mai ƙarya biyu da tsohon faɗa da riga wankakkiya, da na roƙi Allah ya haɗa shi da alƙali irin wannan. Na san haka, kuma na san abin da na gani a bayan ƙofar banɗaki. Duka biyun suna cikina, ba wanda ya kori wani, kuma shi ne abin da ke hana ni sukuni.

A baranda mahaifiyar Auta ta wuce ta gabana kamar ba ta taɓa sanina ba. Sai da ta kai bakin matakala ta juyo.

"Magana ɗaya, Yaya. Da kin faɗa mutuwa za ki yi?"

Ba ta jira amsa ba ta sauka.

Auta ba ta bi ta nan da nan ba. Ta zo ta zauna a bencin, ta bar tazarar mutum ɗaya tsakaninmu. Mutane suna ta wucewa, ana kiran wata shari'ar.

"Iya, ya ce ban yi ƙarya ba ko?"

"Haka ya ce. Ya ce dai bai tabbata ba."

"To a unguwa wa zai tsaya bambance wannan? Cewa za a yi kotu ta sake shi."

Na ce, "Auta, ki yafe mini. Ni na jawo miki."

"Ni na ce ki wanke."

"Ke yarinya ce, a gigice kike. Ni ce babba."

Ta sunkuyar da kai. Na zaci kuka za ta yi, na matsa in riƙe ta, sai ta ɗago. Idonta a bushe yake, muryarta kuma ba irin wadda na sani ba ce.

"Manaja zai mayar da shi aiki, ko?"

"An ce dole ne, tunda an sallame shi."

"To ki saurare ni, Iya. Ran da ya sake yi wa wata, wajenki za ta zo, don kowa wajenki yake zuwa. Kada ki wanke mata. Za ta kama ƙafarki, za ta haɗa ki da Allah kamar yadda na yi. Kada ki ji tausayinta. Ki bar ta cikin ƙazantar nan, ki ja ta a haka ta gaban kowa, ki kai ta inda za a gani. Ki yi mini alkawari."

Na dubi yarinyar da nake wa faɗan surutu, tana koya mini yadda zan ƙi jin tausayi. A nan ne kukan da na riƙe wata tara ya ƙwace mini, a gaban 'yan sanda da masu jiran shari'a, ita kuma ba ta rarrashe ni ba, jira take.

Na ce mata na yi alkawari. Ta tashi ta bi uwarta.

Ranar Litinin na koma aiki. Shi ma ya koma, an ba shi makullinsa, kuma da ya zo wucewa ya tsaya ya gaishe ni.